"Babu ku," in ji Bukar

Ina zaune kusa da Inna tana tsince shinkafa, sai ga kiran taubashina Bukar, mai shago a kasuwar Gure. Ya san sarai tun da na gama jami'a sakamakon konkur, wato jarrabawar ɗaukar malamai, nake jira. Na buɗe muryar wayar don Inna ta gaisa da shi.

"Malam, sakamako ya fito," in ji shi a sanyaye. "Sai haƙuri, babu ku."

Na ce, "Ka duba sunana da kyau?"

"Wane suna? Huɗun farko na gasar ƙwallon Ingila nake nufi. An lallasa ku yau, mun haye kanku."

Na kashe wayar yana ta dariya.

Ko a ƙwallon ma ƙarya yake, gasar ba ta ƙare ba. Amma Inna "babu ku" kawai ta riƙe. Na yi bayani har na gaji, ta ce in daina ɓoye mata, Allah zai kawo wani aikin. Har yanzu ta ƙi cin abinci.

Jama'a, wannan adawar ƙwallo ce ko rashin hankali?