Kwamfutar da Ke Sha Daga Randa

Sana'ata saye da sayarwa. Na fara da cajar waya a bakin tashar Kaura, na koma wayoyi, daga baya na shiga kwamfutoci na hannu, irin waɗanda aka mora a wata ƙasa aka gaji da su. Ban yi makarantar abin ba. Abin da na sani shi ne kowace na'ura akwai abin da take so, in ka ba ta sai ta yi maka aiki, in ka hana ta sai ta kunyata ka gaban mai saye.

Ƙanwata tana ɗaukar bidiyon biki da suna, ɓangaren mata, inda maza masu kyamara ba su shiga. Magidanta sun fi natsuwa hotunan iyalinsu su tsaya a hannun mace tun daga ɗauka har haɗawa. Ni na haɗa mata kwamfutar tebur mai ƙarfi, da babban katin hoto, wato sashen da ke ɗaukar nauyin aikin bidiyo, aka ajiye a ɗakinta a gidan Innarmu. Duk lokacin sanyi lafiya lau. Bazara na shigowa abin ya canza hali. In ta gama yanka bidiyo ta sa na'urar ta fitar da shi, abin da take kira dahuwa, sai fankoki su ɗauki kuka kamar injin niƙa, can sai ɗif, allo ya yi baƙi. In ta mutu a tsakiyar dahuwa kuma, daga farko ake komawa.

A lokacin akwai aikin wata Hajiya ta Shinkafi a hannunta, bidiyon sunan jikarta. Hajiyar nan ita ce ƙofar rabin aikin ƙanwata, don in ta yaba abu, matan Shinkafi har Katuru sun yaba ke nan. Ta riga ta aiko cewa za ta zo da kanta ta karɓa, in bai samu ba ta san hanyar Gusau, can za ta mayar da aikinta.

"Yaya, wanga abu naka ya sake mutuwa," in ji ƙanwata a waya. "Ko dai gawa ka sayar mini?"

"Gawa ba ta zufa. Zafi ne ya dame ta."

"To ka zo ka yi mata fifita."

Akwai kayan sanyaya kwamfuta da ruwa, na kanti, masu fitilu kala-kala. Na tambayi farashi a Kano, na kashe wayata a hankali. Abin da na sayo kawai shi ne 'yan tubalan tagulla masu hanyar ruwa a ciki, ɗaya na ɗaurawa kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, ɗaya kan katin hoto. Saura duk a kasuwar Kaura na haɗa: tiyo siriri, da ɗan famfon da ake sa wa fankar ruwa. Ya rage inda ruwan zai huce in ya kwaso zafi. Masu kuɗi lagireto suke sawa, irin na sanyaya injin mota. Ni da na duba, babu abin da ya kai randa sanyaya ruwa a garin nan, kuma ba ta cin wuta.

Na sayo babbar randa 'yar Zurmi, na girka ta a bayan tebur. Famfon na rataye shi a tsakiyar cikinta, ban sauke shi ƙasa ba, don kada ya zuƙo laka ta toshe tagulla. Tiyo biyu suka bi ta bayan wuyanta, jikin bango, ɗaya na kai ruwa ɗaya na maido shi. Muka kunna. Fankoki suka yi shiru, na taɓa katin na ji shi kamar goshin mai lafiya. Na fito ina tafiya irin ta wanda ya ƙera jirgi.

Washegari kwamfutar ta mutu. Na zo na tarar da ruwa ya sauka ƙasa da famfo, yana ta zuƙar iska. Na ce sabuwar randa ce, dole ta sha rabonta. Na cika. Kashegari haka. Na bi tiyo da yatsa ina neman yoyo, na leƙa ƙarƙashin tebur, ƙasa a bushe. Ina miƙewa idona ya sauka kan murfin: an rufe randar da faifai mai ado, an kifa moɗa a kai.

"Wa ya sa moɗa nan?"

"Ni na sa," in ji Inna daga tsakar gida. "Ka taɓa ganin randa ba moɗa? So kake a ce gidana ana ajje ruwa don kallo?"

Ɗakin ƙanwata kuwa ba ya rabo da mata, masu zuwa ganin hotunansu da masu rako su. Duk wadda ta shigo daga ranar nan ta ga randa, ba ta tambayar kowa. Wasu har buta suke cikawa in azahar ta yi.

"Inna, ruwan na'ura ne."

"Na'ura ta fi baƙo?"

Na ce to a sa kwado. Ƙanwata ta ce in na kulle randa a ɗakinta, kafin magariba labari ya kai Gurbin Bore, kuma babu macen da za ta ƙara kawo aiki gidan da ake kulle ruwa. Na ce a rubuta a jiki. Inna ta ce rubutu a jikin randa, sai dai a ɗauka na sha ne, a zo da galan. Na sayo wata randar na ajiye a bakin ƙofa. Mata suka riƙa wuce ta, wai ta cikin ɗaki ta fi samun inuwa.

Ranar da Hajiya ta zo, da hantsi ta iso, ita da tawagarta, mata cike da mota. Ta faɗa tun daga zaure cewa kafin la'asar za su juya, don hanyar Shinkafi yanzu ba a yi mata yamma. Ƙanwata ta riga ta ɗora dahuwa, layin da ke nuna ci gaba a allo ya wuce rabi. Ni an bar ni a bakin ƙofa, bayan labule, ina jin ƙarar moɗa tana shiga tana fita. Kowace kurɓa a ƙirjina nake jin ta.

"Ke ɗiyata," na ji muryar Hajiya, "wagga randa taki mi ya same ta? Ruwa ɗumi kamar na wankan jego."

Kafin a ba ta amsa famfo ya yi kurar-kurar, fankoki suka tashi, sai ɗif.

Na san ƙanwata tana gab da kuka. Sai na yi sallama daga bayan labule, na gaishe da Hajiya, na faɗa mata gaskiya yadda take: na'urar a randar nan take sha, ɗumin da ta ji zafin aikin jikarta ne, kuma ruwan da aka shanye shi ya kashe ta.

"Kai ɗan nan, tsaya. Kana nufin tun ɗazu da injin muke haɗa moɗa?"

"Kusan haka ne, Hajiya."

Ta yi dariya har da tari. "To don mi ba ku hana ba?"

"Mu masu gida ne," in ji Inna. "Da wane baki?"

"Ni ai baƙuwa ce, nawa bakin ba kunya a cikinai."

Ta sa matan da ta zo da su suka juye randar bakin ƙofa cikin ta ɗaki har wuya. Ta ja kujera ta zauna a gaban randar, ta ɗora moɗar a cinya. Ƙanwata ta sake ɗora dahuwa daga farko. Duk wadda ta shigo ta miƙa hannu, sai Hajiya ta ce, "A'a, wanga na mai aiki ne. Ke mi kika yi tun safe?" Wata ta ce maƙogwaronta ya bushe, Hajiya ta ce ta je tsakar gida, Inna na da randa uku. Lokaci-lokaci takan ɗaga faifai ta leƙa, ta tsoma yatsa, ta ba ni rahoto ta labule kamar mai jinya: "Tana sha, Alhamdulillahi." Da azahar ma sai da ta naɗa wakiliya kafin ta tashi salla.

Layin ya cika rana na da sauran tsawo. Aka zuba mata bidiyon a waya, ta kalli farkonsa, ta ga kanta tana shigowa da turamen zannuwa, ta ce an fito da ita yadda take. A zaure ta tsaya tana gyara mayafi, ta ce wa ƙanwata akwai bikin 'yar ƙaninta bayan salla, ita za ta ɗauka.

"Ki taho da kyamara," in ji ta. "Amma mashayiyar ki bar ta gida, rijiyarmu ba ta da zurfi."