Rijiyar da Ba Ta Cikin Littafi

Katanga ɗaya ce tsakanin gidana da na Madam, kuma katangar ba ta kai kafaɗar dogon mutum ba. Madam muke ce mata tun tana karɓar haihuwa a gidan likita, har ta bar aiki sunan bai sake ta ba. Kirista ce. Aiki ya kawo mijinta Damagaram daga yamma, ya rasu ya bar ta nan, 'ya'ya kuma suka watse, wani Yamai, wani Agadas. Ni musulma ce 'yar musulmai, kakannina da jakai suka zo daga Barno. Ban taɓa zama a lakkwal, makarantar boko, ba, allo ma ban yi nisa ba. Amma a tambayi duk wanda ya tashi a unguwarmu wa ke da labari a baki. Gidan suna ko gidan biki, in na gyara murya, masu daka ma ajiye taɓarya suke.

Shekara da shekaru ina lura da wata Lahadi tasu, bayan girbi. Sauran Lahadin kafin azahar ta dawo. Wannan kuwa sai la'asar, kuma da farin zane take fita, littafinta naɗe cikin ƙyallen da ta saƙa da hannunta. Da na tambaya sai ta ce Lahadin Littafi Mai Tsarki ce, sau ɗaya a shekara. A ranar ba dogon wa'azi, karatu ne zalla: wannan ya tashi ya karanta rabonsa ya zauna, wancan ya tashi. Ta ce tun zuwanta garin nan ba a taɓa yin ranar babu muryarta ba.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne wai da Hausa suke yi, Hausar da muke cinikin albasa da ita. Na yi mata tambaya har ta gaji. Suna alwala kafin su taɓa littafin? Don me ta ja layi da biro a cikinsa? In ya tsufa ya yage ina suke kai shi? Wata ta amsa, wata ta yi dariya ta ce in bar ta ta tsince shinkafarta.

A shekarar da nake ba da labari, na leƙa ta katanga da tsakar rana zan ari rariya. Sai na gan ta zaune cikin rana fatse, ga inuwar darbejiya a gefe ba ta shiga ba, littafi manne da hanci, hawaye na zuba. Na ɗauka rasuwa aka yi. Ashe yana ce ta rufe mata ido. In rana ta take tana iya tsinto baƙaƙen ɗaya-ɗaya, amma a cikin majami'a, inda haske bai kai ba, takarda fara fat take gani. An riga an ba ta rabonta, ita kuma ba ta gaya wa fastonsu ba. Ta ce in ta faɗa za su tausaya mata, su miƙa wa wata yarinya, ita su zaunar da ita a bencin tsofaffi masu gyangyaɗi. Tausayin nan take tsoro. Ni ma na san ranar da za a ce mini, "Iya, huta, bari yara su faɗa," ranar an fara haƙa mini kabari.

"To ki zuba rabon naki a ka mana," na ce.

"Yaya, kan nan da takarda ya saba. Kayan miya ma sai na rubuta."

Na zagaya ta ƙofa na shiga. Na nuna mata yadda kakata ta koya mini a Mirriya: labari ba a ɗaukarsa dunƙule, rarraba shi ake a cikin gida kamar kaya. Farko a ajiye a bakin zaure, na biye a gindin darbejiya, sai turmi, sai murhu, sai ƙofar ɗaki. In za ki faɗa, ki shiga gidan da zuciya, ki bi kina tsintar abinki. Haka muka riƙa yi kullum in rana ta take. Ta tsinto layi da ƙyar ta faɗa mini, ni in riƙe, sannan ta koma inuwa ta rufe ido, mu bi gidan tare ina mayar mata.

Labarin kuwa ya kama ni. Yunwa ce ta kori wata mata da mijinta da 'ya'yansu maza biyu zuwa wata ƙasa. Miji ya mutu, 'ya'yan suka yi aure can, su ma suka mutu. Tsohuwa ta kama hanyar gida. Suruka ɗaya ta koma wajen danginta, ɗayar ta ƙi, ta ce ƙafarta ƙafar uwar mijinta. Suka isa gari ana fara girbi. Nan rabon Madam ya tsaya. Na ce ai na san mutanen nan, na ga irinsu suna shigowa daga wajen Guna a shekarar yunwa, da ƙullin tsumma a ka. Na matsa ta faɗa mini ƙarshen, ta ƙi. Ta ce in na ji ƙarshe zan gudu in bar ta tsakanin turmi da murhu.

A nan tsakanin turmi da murhun kuwa muka yi faɗa. Littafin cewa ya yi sun tafi, sun isa. Shi ke nan. Na ce wannan wace irin tafiya ce? Mata biyu, ɗaya tsohuwa, daga ƙasa zuwa ƙasa, ba su sha ruwa ba? Duk wanda ya taɓa bin layin bido, jarkokin ɗiban ruwa, a garin nan ya san ba a tsallake zancen ruwa. Sai na sa musu rijiya. Na sa makiyayi ya manta gugarsa a baki, surukar ta ja, ta fara ba tsohuwa, sannan ta sha ragowar ta wanke fuska. Ya yi kyau, ko yanzu ina faɗa ya yi kyau.

Madam ta ce ba rijiya. Na ce to a sa. Ta ce ba a sawa. Na ce labarin da ba a ƙara masa gishiri ai lami ne, kuma ban taɓa ba da labari sau biyu iri ɗaya ba. Ta dube ni da idon nan nata mai yana.

"Yaya, Fatihar da kike yi, in kin ga wani wuri ya yi miki gajarta, ƙarawa kike?"

Na ce mata wake na kan wuta, na fita. Washegari ban leƙa ba. Da yamma sai ga kwanon kunun tsamiya a kan katanga, ba sallama ba magana. Na sha, na koma.

Na bar zancen rijiya, amma rijiya ba ta bar Madam ba. Randar gidanta a daidai wurin take, tsakanin turmi da murhu. Duk sanda ta biyo labarin da ido rufe ta iso nan, sai guga ta faɗo mata a baki, ta cije. Muka kwashe ruwan muka jawo randar zuwa bayan ɗaki, mu biyu tsofaffi muna nishi. Bai yi magani ba. Zuciya ta riga ta san inda randa take. Ta ce in ta faɗi abin da ba ya cikin littafin a gaban jama'a, a ranar littafin, gara a ce ba ta tashi ba sam.

Ranar Lahadin na ɗauki kujerata 'yar tsugunno na bi ta. Ban shiga ba, kuma ban laɓe ba, ni ba na laɓe. Na dasa kujerar a gindin taga, a fili. Wani mai kabu-kabu da ya san ni ya rage gudu ya ce, "Hajiya, an sauya sheƙa ne?" Na ce masa ƙarshen labari na zo karɓa, ya wuce kafin ya zama farkon wani.

Ta tagar na ga wani dattijo ya shigo da babban littafi a ɗage sama da kansa, kowa a tsaye, mata na waƙa suna buga bakin tulu. Ya ajiye shi a tebur mai farin ƙyalle. Aka fara. Wasu na karatu kamar masu tauna tsakuwa, wasu da daɗi. Can aka kira Madam. Ta tashi ba mai riƙe ta, ta buɗe littafinta, ta ɗaga kai.

Ina jin ta tana bin gidan. Zaure lafiya. Darbejiya lafiya. A turmi, inda surukar ta ƙi komawa, muryarta ta yi rawa har wata mata ta share ido. Daga nan sai shiru. Shirun ya yi tsawo. Wani ya yi tari. Na ga fasto ya dafa gwiwa zai tashi. Ni kuwa hannu na sa na toshe bakina, don rijiyar tana nan a kan harshena ni ma. Sai ta ja numfashi, ta kai matan gari ana fara girbi, kalma bisa kalma yadda muka ajiye, ta zauna.

Sauran labarin wani mushe, malamin lakkwal, ya karanta, da gudu kamar an biyo shi. Ashe surukar kala ta shiga yi a gonar wani mai hali, dangin mijin tsohuwar. Tun daga jin gonar na san za a ci goro. Aka yi aure, aka haifi ɗa, aka ɗora wa tsohuwa a cinya. Na yarda da ƙarshen, ko ni ba zan taɓa shi ba.

Bayan la'asar ta leƙo ta katanga. Ta ce fasto ya lura ko shafi ba ta juya ba, ya tambaye ta, ta gaya masa gaskiyar idonta. Bai kai ta bencin masu gyangyaɗi ba. Cewa ya yi baɗi za a ba ta rabonta da wuri, tun damina. Na bar ta ta gama, sannan na tambayi abin da ke cina: me ya tsayar da ita?

"Rijiyarki na iso, Yaya. Na tsaya suka sha, ban gaya wa kowa ba, muka wuce."

Na ce ai dama na faɗa mata suna jin ƙishirwa. Sannan na ce ta miƙo mini rariyar da na zo aro tun ran farko.