Ranar da na aiki kwamandan Habibu da farantin waina

"Bawan Allah, taimaka ka kai wannan farantin waina zuwa ƙofar masallaci."

Haka na ce wa wani mai farar jallabiya da na tarar tsaye a ƙofar gidanmu a unguwar New Bell jiya da safe, ana sunan jikata. Ya ce, "To, Mama," ya ɗauka. Sau uku yana kaiwa yana dawowa, har miya ta ɗiga masa a hannun riga.

Can sai ga ɗana Habibu, uban jaririya, wanda yake soja. Yana ganin mutumin sai ya ƙame ya sara masa, ya ce da Faransanci: "Mon commandant!"

Ashe shi ne kwamandan da Habibu ke jiran amincewarsa a ƙara masa kwana biyu na hutu, ga shi na mai da shi ɗan aike. Na ja mayafi na rufe baki, na ce, "Ranka ya daɗe, ka yafe mini, ban san kai ne ba."

Dariya ya yi. "Mama, a bariki ni ke ba da oda, amma a gidan suna ke ce babba. Saura faranti nawa?" Ya juya ga Habibu: "Kai kuma sauke hannun nan ka kama wancan. Sai Litinin nake son ganin ka."

Da zai tafi na ƙulle masa waina a leda, ya karɓa da hannu biyu.

Tun jiya nake sa shi a addu'a. Ku fa, kun taɓa haɗuwa da babba irin wannan?