Allon da Ya Dawo Babu Jan Alƙalami

Shekara talatin da ɗaya Ghislaine Dethier ta yi tana zane a jikin bindigogi a wata masana'anta da ke garin Herstal, a tsaye, da guduma da ɗan ƙarfe mai kaifi, cikin wani dogon ɗaki mai mata kusan tamanin. Ƙarar wurin sai wanda ya ji. Mai son gulma sai ta kai baki kunnen maƙwabciyarta, kuma hakan bai hana su yi ba. Da kafaɗarta ta ƙi ɗaga guduma, likita ya ce ta haƙura. Aka yi mata ɗan biki da kofi da kek ɗin shinkafa, kowacce ta rantse za ta riƙa leƙowa. Biyu suka leƙo, sau ɗaya-ɗaya.

Ba miji, ba ɗa, sai gidan da uwarta ta bar mata. Shirun gidan ya fi ciwon kafaɗar damunta. Ana cikin haka Armand Piret, mai ƙera kwaikwayon bindigogin dā irin masu dutsen ƙanƙara na ƙyasta wuta, ya ce yana neman mai yanka masa haruffa, amma da turin hannu, yadda mutanen dā suke yi. Wannan a zaune ake yinsa, tafin hannu ke tura alƙalamin ƙarfen, babu guduma. Ganye da furanni Ghislaine ta iya su ido rufe. Harafi kuwa ba ya rufa asiri. Fure in ya karkace fure ne, amma R in ya karkace kowane wawa zai gani.

Wanda ya yarda ya koya mata wani tsoho ne a ƙauyen Nessonvaux, Fernand Collard, mutumin da ba ya son baƙi ko kaɗan. Sharaɗinsa ɗaya: kada ta zo. Kowace Litinin ta aika masa ɗan allon tagulla ta gidan waya, ran Juma'a ya dawo shaƙe da jan alƙalami, da 'yar takarda. "Wannan S ɗin daga mashaya yake." Ko kuma: "Aikin ake juyawa, 'yata, ba hannu ba. Sau nawa zan faɗa?" Shekararta hamsin da tara, yana ce mata 'yata. Takan zage shi tas a gaban teburinta, sannan ta fara ƙirga kwanakin da suka rage Juma'a ta zo. Gaskiyar magana, duk mako shi kaɗai ke yi mata magana.

Shekara guda da wata biyu ana haka. Ƙarfen gefen bindigar da Armand ya ba ta yana aljihun tebur, a naɗe cikin tsumma mai mai. Haruffa goma sha biyu kacal za a yanka masa, amma hannu ya zame sau ɗaya, shi ke nan an yi asararsa. Fernand ya ce kada ta taɓa sai ya ba da izini.

"Ghislaine, mai bindigar nan zai mutu bai ga kayansa ba," in ji Armand. "Ƙarshen wata, ko in kai wa wani."

Juma'ar nan allon ya dawo fes, ba ja, ba takarda. Ta yi murna har ta sayo wa kanta fure. Ta sake aika wani don ta tabbata, shi ma ya dawo fes. A nan ne ta lura rubutun bayan ambulan ɗin ba nasa ba ne. Ta karya sharaɗi, ta hau jirgin ƙasa.

'Yarsa Maryse ce ta buɗe ƙofa. "Idon ne," ta ce ƙasa-ƙasa. "Tun lokacin sanyi yake raguwa, yanzu ya tafi gaba ɗaya. Ya hana ni faɗa. Ni nake mayar miki da su."

Fernand yana zaune bakin taga, ɗan tsamurmurin tsoho, ba kamar yadda ta zata ba.

"Wa ya ce ki zo?"

"Ba kowa, maigida. Taurin kai ne."

"Na san da shi, ina ganinsa a haruffanki. Kawo."

Ta sa masa allon a hannu. Ya bi layi-layi da farcen babban yatsa har ƙarshe.

"Yankan sumul yake, babu ƙaya. Iyakar abin da farce ya sani ke nan. Ko sun miƙe ko sun karkace, wannan aikin ido ne."

"To in taɓa na Armand, ko kada in taɓa?"

"Tsakanina da ke wa yake da ido?"

Ta karɓi allonta. Can ta ce, "Ran Litinin in aiko?"

"Ki aiko wa wa, 'yata?"

Ran Litinin ta warware tsumman, ta wasa alƙalaminta, ta ɗaure ƙarfen. Kwana uku ta yi a kan haruffa goma sha biyu. Da ta gama na ƙarshe ta ɗaga shi wajen taga, ta duba ta sama, ta duba ta ƙasa. Sun miƙe. Ita ce ta ce sun miƙe, kuma daga yau ita kaɗai za ta riƙa faɗa. Wani irin kaɗaici ya taso mata wanda ko ranar da ta bar masana'anta ba ta ji irinsa ba. Ta yi sauri ta ture ƙarfen gefe, kada hawaye ya sa masa tsatsa.