Ranar da Na Sa Mai Nono Alƙalanci

Jiya da la'asar autata ta turo mini waya a gaba, wai in ga rigimar da ake yi kan gasar sarauniyar kyau ta duniya. Mutane na ta kumfar baki cewa alƙalan duk kusan iri ɗaya ne, daga yanki ɗaya, to ta yaya wadda ba irinsu ba za ta yi musu kyau? Yarinyar ta ce, "Inna, ai gyaran ba wuya. A sa na kowa a teburin, shi ke nan." Na ce ta ɗauke wayarta daga gabana. Na tashi na kwashe shanya, na dawo na zauna, na sake tashi na share tsakar gidan da aka riga aka share. Zama ya gagare ni, don ni ma na taɓa cewa shi ke nan.

Ni 'yar Anka ce, aure ya kai ni Gummi, kuma a can na yi shekaru ina koyar da girki da ɗinki a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo. Duk ƙarshen shekara, cikin damina, mukan yi ranar al'adu. Mata zalla ne, har maigadi sai ya fita a rufe ƙofa. A yi waƙe, a yi girki, sannan a rufe da gasar kwalliya, wadda ita ce ke tara iyaye. Yara su ajiye hijabi, kowace ta fito da adon gidansu, alƙalai uku su zaɓa.

Akwai wata ɗalibata 'yar ruga, daga can bakin fadama ta hanyar Bukkuyum. Doguwa ce, ba ta da magana, kuma ban taɓa koyar da mai hannun ɗinki irin nata ba. Kakarta ce ta raine ta, ita take kira Inna. A shekarar farko da ta shiga gasar ta fito da kayansu: farar riga 'yar guntuwa mai adon ja da kore, zanen saƙi, duwatsun wuya, da kitso dogo da aka jera wa tsabobin azurfa. Alƙalan duk matan gari ne. Babbarsu, wata Hajiya mai shagon atamfa, ta ɗauki lasifika ta ce, "To, wannan kuma kwalliya ce ko tallar nono?" Fili ya ɗauki dariya. Yarinyar ce ta zo ta ƙarshe.

Ba ta yi kuka ba, ko da yake da ta yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai bayan hutu ta dawo da kitson gari. In masu nono sun wuce ta ƙofar makaranta sai ta juya baya. In wata ta yi mata Fillanci sai ta amsa da Hausa. Shekarun nan ne da hanyoyi suka fara lalacewa saboda 'yan fashin daji, a gane ka ɗan ruga ne cikin gari ya zama abin ɗaukar nauyi, kuma ina kallo yarinya tana cire kanta daga mutanenta kamar mai warware ɗinki. Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Da shekara ta zagayo na kira ta bayan aji. Na ce, "Bana za ki sake shiga, kuma da kayanku." Ta ce, "Malama, ki yi haƙuri." Na ce, "Ba haƙurin da zan yi. Bara babu taku a teburin alƙalai, shi ya sa. Bana sai na sa taku, ko sama za ta haɗu da ƙasa." Ta ce in dai akwai tasu, za ta shiga.

Ni dai an san ni, bakina ba ya shiru. A taron malamai na kafe, na ce ɗalibanmu akwai 'yan gari akwai 'yan ruga, amma tun da aka fara gasar nan ba a taɓa zaunar da Bafillatana ɗaya a kujerar alƙali ba. Wanda bai san yadda ake jera tsaba a kitso ba, da wane ido zai auna ta? Shugabar makaranta ta ce in na samo wadda za ta zo, ta yarda. Ta faɗa ne tana murmushi, don ta san matan ruga a lokacin ko kasuwa da ƙyar suke shigowa.

Na yi yawo. Ran Asabar na hau ɗan acaba, ruwa ya yi kwana biyu yana zuba, hanyar duk taɓo, sau da yawa sai na sauka na tattare zane na taka da ƙafa. Duk matar da na yi wa magana sai ta rufe baki da mayafi ta ce ita wa. Amma kowace in ta gama ƙi sai ta nuna mini bukka guda, ta ce ga wadda ta san ado, ita ke kitse duk amaren rugar. Da na leƙa sai na ga ashe mai nonon da ke kawo mini kindirmo ce tun ina amarya. Kuma ita ce mahaifiyar ɗalibata.

Na san hakan, ba wanda ya ɓoye mini. Na kuma san yarinyar ce 'yar farinta, shi ya sa ma aka ba kaka ita tun daga yaye. Mu ma Hausawa muna kunyar ɗan fari, sai dai tamu ta gari ta yi sanyi. Nawa ɗan farin ina kiran sunansa har in haɗa masa da zagi. Na ɗauka nasu ma iyakarsa ke nan, ba a faɗin suna, a wuce wurin.

Ta ƙi. Na roƙa, ta ƙi. Sai na sako mata baki, na ce ashe duk shekarun nan da muke tare nono ne kawai tsakaninmu? Na ce 'ya'yanku ake yi wa dariya a gari, an ba ku kujera kuma kun ƙi zama, gobe wa za ku ba laifi? Tsohuwar, wato kakar yarinyar, tana gefe tana gyaran ƙwarya, ta ɗago ta ce, "Malama, ba ta iyawa." Na ɗauka tana nufin ba ta iya zama cikin manyan matan gari. Na ce, "Inna, za ta iya, ai ba karatu za ta yi ba." Daga ƙarshe matar ta ce to, don ta ji nauyina.

Da na dawo da labari sai rigima ta koma sabuwa. Hajiya mai atamfa ta zo makaranta da kanta, ta ce wannan ai son kai ne tsirara, a sa uwa ta yi wa ɗiyarta alƙalanci. Na ce, "Hajiya, ɗiyar ƙanenki fa? Bara ita ta ci, bana ma ta shiga, kuma kina kan kujera. Ko ke ki sauka ita ma ta sauka, ko ku zauna tare." Na fito ina jin kaina a sama. Mako guda muka yi muna gardama kan ko mai nono za ta fifita 'yarta, kuma duk cikinmu ba wadda ta yi tunanin wani abu daban.

Na sami yarinyar a ɗakin ɗinki na gaya mata wadda na samo. Keken da take takawa ya tsaya. Ta ce, "Ita?" Na ce, "Ita fa. Kin ga na cika alkawari." Ta ce, "To, Malama." Ta ci gaba da ɗinkinta, ni kuma na ɗauka murna ce ta hana ta magana.

Saboda mai nono ba ta rubutu, na ce bana ba takarda. Na sayo faifai uku, kowace alƙaliya ɗaya. Yarinya in ta fito ta zagaya, wadda ta yi wa kyau sai ta ɗaga nata. Alƙaliya ta uku wata ma'aikaciyar asibiti ce, mace mai sanyin hali.

Ranar da safe hadari ya haɗu bai zuba ba, gari ya yi zafi ya yi nauyi. Na kasa tsayawa wuri guda. In je ƙofa in duba ko ta iso, in dawo in gyara kujeru, in koma ƙofa. Da ta iso, da ƙwaryarta a ka kamar kullum, na karɓe na ajiye a ofis, na kama hannunta na kai ta teburi. Ta zauna a ɗan bakin kujera. Na ga matan gari suna zunɗe, na watsa musu harara.

Kuma wallahi da farko abin ya tafi yadda nake so. Matar nan ta san ado. Wata 'yar gari ta fito da lalle mai kyau, ta ɗaga mata faifai tun kafin Hajiya. Wata ta fito ta sha hoda kamar an tsoma ta a garin dawa, ta bar faifanta a cinya, mutane suka yi dariya suna cewa mai nono ta iya. Wasu 'yan ruga biyu suka fito, ta ɗaga wa ɗaya, ta hana ɗaya, har ta ce da ma'aikaciyar asibitin kitson waccan ya karkace ta hagu. Na ce a raina, to, ga adalci nan na kawo.

Sai ɗalibata ta fito. Ban san yadda zan faɗa ba. Tsabobin kanta suna kaɗawa a hankali, duwatsun wuyan sun zauna daram, rigar ita ta ɗinka da hannunta. Filin da ya yi mata dariya bara ya yi shiru, sannan wata tsohuwa daga baya ta rangaɗa guɗa. Na juya in ga uwar. Ta ɗaga faifan, amma ba sama ba. Fuskarta ta rufe da shi, ta karkatar da kai wajen katanga, kuma haka ta zauna har yarinyar ta gama zagayawa ta koma.

Duk da haka faifan ma'aikaciyar asibiti da na Hajiya sun kai ta zagayen ƙarshe. E, har Hajiya ta ɗaga, ban hana ta wannan ba. Aka rage su biyu, ita da ɗiyar ƙanen Hajiya, aka tsayar da su gaban teburi. Hajiya ta zaɓi tata, ba wanda ya yi mamaki. Ma'aikaciyar asibiti ta nuna 'yar ruga. Saura mutum ɗaya.

Na matsa kusa da ita, na sunkuya, na ce, "Ke ake jira." Ba ta sauke faifan ba. Na ce, "Don Allah ki duba, ki faɗi gaskiya kawai." Ta ce a hankali, "Malama, gaban mutane?" Na ce, "Gaban mutane mana, ai don haka kika zo." Can baya akwai matan rugarsu kaɗan da suka yi ƙarfin hali suka biyo ta, duk sun zuba mata ido. Ta miƙa hannu ta gefen faifan, ba tare da ta kalli kowa ba, ta nuna 'yar gari.

Aka yi tafi, aka yi guɗa. Hajiya ta rungume ta tana cewa ba ta taɓa ganin mai gaskiya irin wannan ba. Matan ruga suka gyaɗa kai, a wurinsu ta yi abin da ya kamata, ta fita kunya. Ni kaɗai nake tsaye ina jin kamar in yi ihu. Haushi nake ji, na Hajiya, na matar, na kaina, na rasa wanda zan fara da shi.

Na bi yarinyar ɗakin ɗinki. Tana zaune tana cire tsabobin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a ɗankwali. Na fara ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Malama. Tun ran da kinka faɗa mini na sani. Ko ni kaɗai ce a filin ba ta nuna ni." Na ce to me ya sa ba ki gaya mini ba? Ta ce, "Kin sha wahalar hanya." Ran Litinin ta zo da kitson gari, kuma har ta gama makaranta ban sake ganin ta da kayansu ba.

Uwar ta yi kwanaki ba ta kawo nono ba. Na shirya mata magana iri-iri, ina wanke-wanke ina maimaitawa, ina jiran ta. Ran da ta zo, da hantsi, ta sauke ƙwarya a ƙofar ɗakina, muka gaisa, ta auna mini kindirmo, ta ƙara mini ludayi guda. Na buɗe baki ke nan sai ta riga ni. Ta duba hagu ta duba dama, ta ga ba kowa a tsakar gidan, ta matso har ina jin warin man shanu a mayafinta.

Ta ce, "Malama, waccan ɗin. Ran nan."

Na ce, "Ina jin ki."

Ta ce, "Ni ban gan ta ba. Tsabobin nawa ne, na aurena, na aika wa Inna ta sa mata. Sun zauna daidai?"

Duk maganar da na shirya ta gudu. Na ce sun zauna daidai.

Ta ce, "Ta yi kyau?"

Na jawo mata tabarma na ce ta zauna. Na fara mata tun daga kitson, da yadda aka raba shi, da rigar, da yadda ta taka, da tsohuwar da ta yi guɗa. Tana saurare kanta a ƙasa, hawaye na ɗiga kan faifan ƙwaryarta. Da na kai ƙarshe ta goge ido da bakin mayafi, ta ce in sake faɗa mata daga farko.