Bencin Tsofaffi da Gonar Duwatsu

Benci ɗaya, tsofaffi huɗu da ɗana Nura, su ne a kan sikeli. Nura na son a fitar da bencin daga shagona na unguwar Highbridge, nan ƙasar waje, a sa firjin lemo, domin tsofaffin ba sa sayen komai sai goro. Maƙwabcina mai aski, mai jin Sifaniyanci, ya leƙo ya gan su jere, ya yi dariya ya ce, "Pedregal!" Wai haka suke kiran ƙasar da duwatsu suka cinye. Ban yi dariya ba. A irin wannan ƙasa aka haife ni, can Adar.

Muna yara a can, bayan tuwon dare Kaka takan tura kara cikin wuta, mu kewaye ta. Ni take fara tsokana: "Angona, matso, ko hayaƙi ya fi ni kyau ne? Ga ta nan tafe, ku tare ta."

Wa da ƙane ne suka gaji gona a gangaren tudu, dutse ya fi ƙasa yawa. Ƙanen ya kwashe nasa kaf ya zuba a kwari, gonarsa ta yi fes, masu wucewa suna yabo. Wan kuwa jera nasa ya yi a gicciye, layi-layi, ana ta yi masa ba'a. Da ruwan farko ya sauko, ya wanke ƙasar ƙanen har da irin. A gonar wan, duwatsun suka tare ruwa, gero ya tsaya.

Na ce, "To Kaka, ina ƙanen ya tafi?"

"Birni mana," in ji ta. "Tashi ka kwanta, ta ƙare."

Na ba Nura wannan tatsuniya. Na ce masa tsofaffin nan su ke tare mana mutane: baƙon da ya sauka jiya wurinsu yake tambayar ɗaki da aiki, kafin ya fita ya sayi shinkafa da manja. Ya saurara da ladabi, ya amsa da Turanci: "Baba, nan ba Adar ba ce."

Na bar bencin a inda yake. Nura ya samu aiki can nesa a Staten Island, sai ranar Juma'a nake ganinsa.

Yanzu ni ke ɗaga buhuna, gwiwa tana ƙara, tsofaffin suna yi mini sannu daga zaune. Ciniki bai ragu ba, ko kaɗan. Amma sai a bana na lura Kaka ba ta taɓa cewa wan ya ji daɗin girbi shi kaɗai ba. Gero dai ya tsaya mini. Mai taya ni ɗauka ne ya tafi.