Zakaran da Na Hana a Zura Rijiya

Shekarar da na gama makaranta a Katsina aka ba ni aikin malamin tsabta, aka turo ni ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi. Turawa ba su daɗe ƙwarai da kama ƙasa ba a lokacin, ko dai haka nake gani yanzu da na tsufa. Aikina duba rijiyoyi ne da mahauta da wuraren zubar da shara. An ba ni doki, da doguwar igiya, da fitilar ƙwai sabuwa fil.

Ba don haske aka ba ni fitilar ba. Likitan Turawa da ya koya mana aikin ya ce tsohuwar rijiya da aka daɗe da rufewa takan tara wata iska mai nauyi a gindinta, ba wari, ba launi, mutum na shaƙar ta sai ya kwanta. Ya ce kafin kowa ya shiga a kunna fitila a zura, in ta mutu kada a shiga. Sannan ya ƙara da cewa ƙwan fitila in ya yi zafi ruwa ya taɓa shi fashewa yake yi, kuma ba a samun wani a nan kusa. Ni na ga kamar ni yake kallo da ya faɗi haka. Maganar nan ta biyu ta fi ta farko zama mini a rai. Ina jin kunyar rubuta wannan, amma haka abin yake.

Da bazara ta yi tsanani aka aiko mini daga Barkiya. Wani malami mai makarantar allo yana da rijiya a tsakar gidansa, an rufe ta da itace da tabarmin kaba shekara biyu, wasu sun ce uku, tun da wata akuya ta faɗa ciki. Yanzu rijiyar unguwa ta ƙafe, yana so a yashe tasa. Doka kuwa ta ce sai na duba.

Na isa da hantsi. Na tarar da mai yasar, wani dattijo ɗan Wurma, gajere, mai faɗin kafaɗa, yana sanye da walki ya ɗaure shi da ɗamarar fata. Ƙanensa, shi ma magidanci ne mai furfura, shi ke riƙe masa igiya. An riga an yaye bakin rijiyar. Na leƙa, ban ga kome ba sai duhu, kuma ban ji wani wari ba, sai ɗan sanyi da ke tasowa, wanda a zafin nan har daɗi ya yi mini. A gefe ga wani jan zakara a cikin kwando, an ɗaura wa kwandon igiya.

Na ce, "Baba, wannan fa?"

Ya ce, "Ɗan aikena ne, Malam. Shi ke fara shiga."

"Yanka shi za ku yi?"

Ya yi dariya. "Yo wa ke yanka ɗan aike? Zura shi nake har ƙasa, ya zauna ya gaishe su. In ya dawo yana harara ta, in shiga. In ya dawo wuya a lanƙwashe, in ɗauki gugana in koma Wurma."

Maigidan, wato Malam, ya ɗan ɓata fuska da ya ji an ce a gaishe su, wato aljanun rijiya. Ni kuwa ba wannan ne ya dame ni ba. Abin da na hango shi ne kashin kaza a cikin ruwan da iyali za su sha, ni kuma ina tsaye da sunan malamin tsabta. Na ce ba za a zura shi ba. Na ce ina da fitila, aikin ɗaya ne, kuma fitila ba ta ɓata ruwa.

Dattijon ya dubi ƙanensa. Ya ce, "Ka ji boko. Shekara talatin ina aiken zakara, yau an kawo mani wanda ba ya kashi." Sai ya ture kwandon da ƙafa. "To, bismilla. Aiki na hukuma ne."

Na kunna fitilar, na gyara lagwani, na fara zurawa. Tana tafiya tana juyawa a hankali, tana haska ramukan da aka sassaƙa a bango don sa ƙafa. Gaba goma, in ban manta ba, ko sha ɗaya. Can na ga wani haske na biyu ya bayyana a ƙasa yana tasowa, na gane hoton fitilar ne a ɗan ruwan da ya kwanta kan laka. Na tuna ƙwan, na tsai da hannuna. Na sha auna wurin a raina tun daga ranar; ina jin tsakanin fitilar da ruwan bai wuce kamu uku ba. Wato daidai ƙirjin mutum in yana tsaye.

Fitila ta ci gaba da ci, harshenta a miƙe. Na jira har na ƙirga ɗari biyu. Na janyo ta na ce lafiya lau.

Dattijon ya ɗaura igiya a ƙugu ya sauka. Masu yasa suna da wata al'ada da ban sani ba sai ranar: wanda ke ciki ba ya yin shiru. Dole ya yi ta magana, ko waƙa, ko tsiya, don na sama su san yana nan. Da ya taka ƙasa ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa guga, sai muryarsa ta taso, ta yi kauri kamar daga cikin tulu.

"Malamin tsabta! Aiko mani da sabulu in wanke lakar nan kafin in turo maka!"

Matan gida da ke daka a bayan zana suka fashe da dariya. Ni ma na yi. Ƙanen ya ce, "Yaya, yi aiki, rana na yi."

"Kai dai ja igiya, raggo. Ga ƙashin akuyar Malam nan, a dafa maka romo."

Guga na farko ya fito cike da baƙar laka. Aka zubar, aka mayar. Muka ji ya sunkuya yana kwasa, yana ta zancen akuya, sai dai maganar ta fara jan ƙafa, kamar ta mai ba da labari yana gyangyaɗi. Ya faɗi kalma, ya tsaya, ya sake faɗin ta.

Sai ya ce, "Ku dakata. In ɗan zauna."

Ƙanen ya saki baki. "Yaya! Ba a zama a rijiya! Kai ka koya mani!"

Muka ji 'yar dariya, ƙasa-ƙasa, ba irin ta ɗazu ba. Sannan ya ce, "To. To." Yadda mutum ke amsa wa wanda ke zaune kusa da shi. Ban ce akwai wani a ciki ba. Na san abin da aka koya mini, kuma na yarda da shi. Abin da na ji kawai nake faɗa. Bayan haka ba mu ƙara jin kome ba. Sautin taɓarya ma ya tsaya.

Ƙanen ya tuɓe riga ya sa ƙafa a bakin rijiya. Na rungume shi ta baya, muka faɗi tare a gefen rijiyar. Yana zagina, yana cewa in sake shi. Na ce, "In ka shiga, biyu za mu fitar, kuma ba mai ja." Ina jin a duk ranar wannan ne kaɗai abin da na yi daidai.

Malam ya ce a kawo ƙugiya, irin wadda ake ciro guga in ya tsinke. Wata mata ta miƙo madubi ta saman zana. Na riƙe shi na karkato rana cikin rijiyar, hasken na yawo a bango, har ya sauka a kansa. Yana zaune, bayansa jingine da bango, hannuwa a kan gwiwa, fuska sama, ido buɗe. Ba alamar wahala ko kaɗan. Kamar wanda ya wanke hannu yana jiran a kawo tuwo.

Sau biyu ƙugiya na kuskurewa. A na uku ta kama ɗamarar fatar. Mu huɗu muka ja, da wani maƙwabci, har da Malam, yana addu'a da ƙarfi. Ya fito a lanƙwashe, leɓunansa sun yi toka-toka. Muka shimfiɗa shi a inuwar ɗakin karatu, ana yayyafa masa ruwa, ana fifita. Ban san tsawon lokacin ba. Can ya ja wani numfashi mai ƙara, ya yi amai.

Da jama'a suka taru kansa, na koma bakin rijiyar ni kaɗai, na sake kunna fitilar. Wannan karon ban tsai da hannu ba. Ta wuce inda na tsaya ɗazu tana ci. Ta ƙara kamu guda, harshen ya tsuke, ya yi shuɗi, ya ɓace. Bai ko kaɗa ba, kamar an sa yatsu biyu an matse lagwanin. Da kwandon zakara ne, da har ƙasa zai zauna. Ban taɓa tunanin wannan ba sai a lokacin.

Bayan kamar wata guda na bi ta Wurma na nemi gidansa. Ya rayu, amma hannunsa na dama na karkarwa, kuma ƙanen ya ce ya bar shiga rijiya. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa gaskiya: ban kai fitilar ƙasa ba, tsoron fashewar ƙwai nake.

Na zaci zai yi faɗa, ko ya yi mini tsiyar da ya saba.

Ya ce, "Na ji ku fa, Malam. Na ji wancan raggon yana kirana, na ji kuna kokawa. Ina da bakin amsawa." Ya dafe hannun da ke rawa da ɗayan. "Daɗin wurin ne ya yi yawa. Shi ya sa ba ni komawa."